Sanarwar doka: a jarida ko a intanet kaɗai?

Ɗan'uwa, ka ce kun je yi wa ƙungiyar unguwarku rajista a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, aka ce sai an buga sanarwa a jaridu biyu, a kuma jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Tambayarka ita ce, wa ke karanta jarida yanzu, me zai hana a sa a intanet kowa ya huta?

In maganar isa ga jama'a ce, da gaskiyarka. Buɗe shafin canjin suna a kowace jarida ka gani: 'yan akwatuna kamar na ashana a jere, rubutu sai ka ƙanƙance ido, kuma da Turanci. Wanda ya biya ne kaɗai ke neman nasa ya kai banki. Sauran kwafin, mai tsire ne zai gaje su. A intanet kuwa, suna kawai za ka rubuta ya fito, ko kana Jidda.

Amma in aka zo maganar hujja, jarida ta yi wa intanet nisa. Abin da aka buga ran Talata ya bugu ke nan, ba mai bin gida-gida ya gyara. Shafin intanet kuwa, mai riƙe da shi zai iya sauya kwanan wata cikin dare, ko ya sauke shi baki ɗaya. Ka ɗauka an yi sanarwar ɓatan takardar fili, bayan shekara goma magada suka shiga kotu. Jaridar tana nan a ma'ajiya, lauya zai ciro ta. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, har yau masu bincike na buɗe ta. Shafukan hukuma nawa ne suka kai shekara goma ba a rushe su ba?

Akwai kuma batun wa ke ajiya. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce a tallata manyan kwangiloli a jaridun ƙasa aƙalla biyu. In aka bar tallar a shafin ma'aikatar da ke ba da kwangilar kaɗai, ai kura aka ba ajiyar nama.

Kada kuma mu manta Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara na makonni. Da sanarwarku ta faɗo a lokacin, sai kwana 28 su ƙare ba wanda ya gani. Ko da yake, tsakani da Allah, ita ma jaridar ba ta shiga ƙauye. Rediyo ke shiga.

Ni dai ban yarda da intanet kaɗai ba, a haɗa su. Ku buga, ku tura hoton shafin a WhatsApp na unguwa, in da hali ku biya a karanta da Hausa a rediyo. Kuma kada ku yanke akwatin da reza. Ku ajiye shafin ɗungurungum, da sunan jaridar da kwanan wata a samansa, don su za a nema.