Motocin lantarki masu doki 1,000: kafin ka saya, duba birki

Motoci huɗu ne ake yawan jerawa idan ana maganar salun ɗin lantarki mafi ƙarfi: Tesla Model S Plaid, Porsche Taycan Turbo GT, Lucid Air Sapphire da Xiaomi SU7 Ultra. Kowacce ta haura ƙarfin doki 1,000. Plaid, wadda ta fito a 2021 da injinan lantarki uku, tana da 1,020. Sapphire tana da 1,234. Turbo GT takan kai 1,108 amma na daƙiƙa 2 kawai lokacin tashi, ita kuwa SU7 Ultra an rubuta mata 1,548. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, dukkansu suna tsakanin kusan daƙiƙa 2 da 2.3, tazarar da jikin mutum ba ya iya bambancewa. Kuma lambobin da ake tallatawa a Amurka, irin 1.99 na Plaid da 1.89 na Sapphire, zuwa mil 60 ne, kusan kilomita 97, a kan kwalta mai kama taya, da batir da aka riga aka ɗumama. Na Tesla ma ba a ƙirga santimita 30 na farkon motsi.

Saboda haka ba a wajen tashi gizo ke saƙar ba. Waɗannan motoci nauyinsu tsakanin tan 2.2 ne da 2.4, kuma duk gudun da injin ya tara, birki ne zai mayar da shi zafi.

Lissafin zafi

Ɗauki mota mai kilo 2,200. A gudun kilomita 100 tana ɗauke da kuzarin da ya kai megajul 0.85. A 200 ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, kusan 3.4. A 300 ya zarce 7.6. Idan fayafayen birki huɗu na ƙarfe sun haɗa kilo 50, tsayawa ɗaya tak daga 200 za ta ƙara musu zafin kusan digiri 150, na gaba kuma su suka fi ɗauka domin nauyi gaba yake zubewa. Matsalar motar lantarki mai ƙarfi ita ce cikin 'yan daƙiƙu ta sake komawa 200, tun faifan bai huce ba. Zafi kan zafi, sau huɗu ko biyar, sai birkin ya fara gazawa.

Mai sayarwa zai ce ai injin da kansa yana rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Gaskiya ne, Porsche ma ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na taka birki a tuƙin yau da kullum injin ne ke yi a Taycan. Sai dai Taycan ta 2024, wadda tana cikin waɗanda suka fi kowa a wannan fanni, iyakarta kilowat 400. Taka birki iya ƙarfi daga 200 kuwa yana buƙatar a sha kusan kilowat 1,200 a farkon takun. Kashi biyu cikin uku na aikin, ko fiye, faifai da fad ne, wato takalmin birki da ke goga faifan. Kuma idan batir ya cika taf, ko yana da sanyi, ba ya karɓar wutar sosai. Direban da ya saba ɗaga ƙafa daga totur mota ta rage da kanta, ranar da ya tashi da caji kashi 100 ya nufi gangara mai tsawo, zai ji ta tana tafiya sulu.

Abin da kowacce ta zo da shi

Sapphire ba ta bar wa mai saye zaɓi ba: fayafayen kabon-seramik ne tun daga masana'anta, milimita 420 a gaba da kalifa mai fistin 10, sai 390 a baya da mai fistin 4. Kalifa ita ce muƙamuƙin da ke matse fad a jikin faifai. Turbo GT ma da seramik take zuwa, 420 a gaba. SU7 Ultra ta sa 430 a gaba, kuma ita ce ta zagaya filin tseren Nürburgring na Jamus cikin minti 7 da daƙiƙa 4.957 a 2025, bayan direban gwajin Porsche, Lars Kern, ya yi 7:07.55 da Turbo GT. Amma kasuwar China aka yi ta dominta, wanda ke wajen ƙasar sai ya fara tambayar wa zai gyara masa ita, ina kuma zai samu kayan gyara.

Plaid ce ta bambanta, kuma ita aka fi samu da araha a hannun waɗanda suka yi amfani da ita. Ta fito da fayafayen ƙarfe, an kuma taƙaita gudunta ƙasa da kilomita 322 da aka yi alkawari. Ba ta kai wannan gudu sai an saka mata kunshin seramik na kamfanin: faifai 410 mai kaurin 40 a gaba, 410 mai kaurin 32 a baya, kalifa mai fistin 6 da mai 4, da man birki mai jure zafi. A Amurka an sayar da wannan kunshin tsere tsakanin dala 15,000 da 20,000. A 2021 Plaid ta yi 7:35 a Nürburgring, a 2023 da wannan kunshi da tayoyinsa ta sauko zuwa 7:25. Abin da za a fahimta a nan shi ne kamfanin da kansa bai yarda ainihin birkin ya ɗauki cikakken gudun motar ba. A titi birkin ƙarfen ya wadatar, a filin tsere kuwa shi ne abu na farko da zai gaji.

Zama da motar kullum

Wajen kaya Lucid da Tesla sun yi wa Porsche nisa. Air tana da but na lita 627 a baya da wani na 283 a gaba. Model S ƙofar bayanta gaba ɗaya take ɗagawa har da gilashi, kujeru suna kwanciya, jimillar wurin kaya kusan lita 790. Taycan gaba da baya ba su kai 500 ba, rufinta kuma ƙasa yake, dogon mutum a baya kansa zai taɓa. Wanda ya zaɓi Weissach, kunshin tsere na Turbo GT, ya sani kujerun baya ma an cire su.

A nisan tafiya Sapphire ce gaba, kilomita 687 a gwajin EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, da batir mai kilowat-awa 118. Plaid tana tsakanin kusan 500 da 640, ya danganta da shekara da girman rim. Kada a gwada waɗannan da lambobin Turai ko na China kai tsaye, gwajinsu ya fi sassauci, na China ya fi kowanne. Inda Taycan ke ramawa shi ne caji: tsarinta na volt 800 yana karɓar kilowat 320, daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18. Plaid mai volt 400 tana taɓa 250 sannan ta yi ƙasa da sauri, ka ƙiyasta rabin awa. Amma mota mai babban volt idan ta gamu da caja mai volt 400 tana iya yin jinkiri matuƙa. Air, wadda ita ma mai babban volt ce, a kan tsofaffin cajojin Tesla kusan kilowat 50 take samu. Irin cajar da ke hanyoyinka ita za ta raba wannan gardama.

Wanda ba zai taɓa shiga filin tsere ba, matakin ƙasa da waɗannan ya fi dacewa da shi: Audi RS e-tron GT performance mai doki 925, wadda ginshiƙinta ɗaya da Taycan, ko BMW i5 M60 mai 601. Galibin motocin nan ba sa zuwa da tayar safaya.

Ƙarfe, mai rufi, ko seramik

Faifan ƙarfe shi ne mai araha, kowane bakanike ya san shi. Ciwonsa a motar lantarki abin mamaki ba cinyewa ba ne, tsatsa ce. Tun da injin ke rage gudu, fad ba ya goge fuskar faifan, musamman na baya, sai tsatsa ta huda shi, fil ɗin kalifa su ƙame. Maganin shi ne a taka birki da ɗan ƙarfi sau biyu ko uku a mako a fili, a kuma kwance kalifa a wanke a shafa giris sau ɗaya a shekara inda ake zuba gishiri a titi ko kusa da teku. Porsche tana da na tsakiya, PSCB, ƙarfe ne da aka lulluɓe da tungstin mai tauri, ba ya tsatsa, ƙurarsa kaɗan ce, sai dai da zarar rufin ya ƙare faifan ya gama aiki, ba a kankare shi.

Seramik nauyinsa kusan rabin na ƙarfe ne, ba ya tsatsa, a titi yana iya daɗewa ƙwarai. Lalacewarsa ta hanya biyu ce. Ta farko, rim ya faɗo a gefensa lokacin cire taya ya ɓalle shi, shi ya sa ake sa sandunan jagora kafin a zare rim. Ta biyu, zafin filin tsere yana ƙona zaren kabon da ke ciki, faifan ya yi sauƙi alhali kaurinsa bai canza ba. Don haka awon kauri kaɗai ba ya gaya maka lafiyarsa, sai a ɗora shi a sikeli a gwada da mafi ƙarancin nauyin da aka rubuta a jikinsa, ko a sa na'urar awo ta musamman. Mai sayen ta hannu da bai nemi wannan awo ba ya sayi kura a rufe. Wasu masu yawan zuwa filin tsere ma cire seramik suke yi su ajiye, su sa na ƙarfe mai gida biyu, wanda zobensa ke rabuwa da tsakiyarsa, domin canjinsa ya fi sauƙi a aljihu.

Idan za ka ƙara wa birki ƙarfi

Ka fara gane irin gazawar. Idan feda tana da tauri amma mota ba ta ragewa, ga wari na tashi, fad ne ya wuce zafin da aka yi shi dominsa. Idan feda ta yi laushi tana nutsewa, man birki ne ya tafasa, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura fistin. Maganinsu daban ne, kuma babu wanda ya fara da sayen katon faifai.

Taya ce farko. A tsayawa ɗaya daga sanyi, ainihin birkin kowacce daga cikin motocin nan yana iya kulle taya har ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ta shiga, ke nan nisan tsayawa taya ce ke yanke shi. Babban faifai ba ya rage mita ko ɗaya a takun farko, abin da yake yi shi ne taku na goma ya yi kama da na farko. Nemi taya mai lambar ɗaukar nauyi daidai da wadda aka rubuta a jikin ƙofa, mai alamar XL ko HL da ke nuna ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi, in da hali mai tambarin kamfanin motar: T0 ko T1 na Tesla, NF0 na Taycan, LM1 na Lucid.

Sai man birki. Mafi ƙarancin zafin tafasar DOT 4 sabo digiri 230 ne, amma man yana tsotse damshi, da ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100 sai ya faɗo zuwa 155. DOT 5.1 yana da 260 da 180. Na tsere irin Motul RBF 600 da Castrol SRF sun haura 300 suna sababbi. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kada ya kusanci motar. Lita 1 takan isa a canza duka, a sayi 2 don kada a tsaya a rabi. Na tseren sun fi kauri a sanyi, wanda hakan ke rage saurin ABS, saboda haka a ƙasa mai ƙanƙara a koma wanda littafin motar ya ce. Kuma da yawa cikin motocin nan birkinsu kwamfuta ke sarrafa shi, sai an sa motar a yanayin gyara kafin a fitar da iska, in ba haka ba iska za ta maƙale a akwatin ABS feda ta ƙi tauri.

Na uku fad. Na tsere yana kamawa a zafin da na titi ya riga ya sallama, amma da sanyi ba ya kamawa sosai, yana ƙara, yana cin faifai. A motar da injin ke yin mafi yawan rage gudu, birki kusan kullum sanyi yake, sai ranar da yaro ya faɗo titi. Don haka a sa na tsere ranar tsere, a cire bayan an dawo. Faifan seramik kuma fad ɗinsa daban ne. Sabon fad sai an zaunar da shi: taku 8 zuwa 10 daga kilomita 100 zuwa kamar 15, ba tare da tsayawa cik ba, an rage birkin injin zuwa mafi ƙanƙanta, sannan a yi tafiyar minti 10 a bar shi ya huce. Wanda ya tsaya ya danne feda faifai na da zafi, fad zai bar tabo a wuri ɗaya, sitiyari ya riƙa karkarwa, a ce faifai ya karkace alhali bai karkace ba.

Bayan waɗannan ne ake maganar bututun da ke kai iska cikin faifai, sannan babban kunshin birki. Rim ɗin motocin lantarki a rufe suke don su rage jan iska, wani lokaci canza zuwa buɗaɗɗe kaɗai yana rage zafi, ko da yake zai ci wani abu daga nisan tafiya. Faifai mai milimita 410 zuwa sama yana son rim na inci 20 ko 21, kuma girman kaɗai bai isa ba, a buga takardar awon da mai kunshin ke bayarwa a gwada, a samu aƙalla milimita 3 tsakanin kalifa da ƙafafun rim. A tambayi jimillar faɗin fistin ɗin sabuwar kalifa: idan ta zarce ta asali da yawa, feda za ta yi tsawo, rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya ya sauya, lissafin ABS ya rikice. A baya kuma a tabbata an tanadi wurin birkin ajiye mota na lantarki. Kunshin da kamfanin motar ya sayar yakan zo da sabunta manhaja, garanti kuma yana nan. Na wasu kamfanoni yana iya taɓa garantin sashen da aka canza.

Wajen aikin kansa, jak yana shiga ne a wuraren da aka ware kawai, da robar kariya, domin batir ne shimfiɗe a ƙarƙashin motar gaba ɗaya. Notin taya a ɗaure shi da sifana mai awo, a Model S nuton-mita 175 ne, a sake duba shi bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.