Na canza sansar totur a Kurmin Mashi: yadda na ga aikin

Motata ƙirar 2003 ce mai giyar otomatik, irin wadda toturinta ke aiki da wayar ja, wato kebul. Ta ɗauko wani hali: idan na taka totur sai ta yi jim kafin ta fizga, a go-sulon Kawo kuma injin ya riƙa hawa yana sauka shi kaɗai. Giya ma ba ta shiga a kan lokaci. Wani bakanike har ya fara yi mini lissafin sauke giyabos.

Wani mai gyaran wutar mota a Kurmin Mashi, Kaduna, ne ya ce a dakata tukuna. Ya jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna P0121, lambar da ke nuni ga sansar totur, wato 'yar na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan buɗewar totur. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya nan ba. Ya ɗauko mita ya auna wayoyi ukun da ke jikinta: ɗaya mai kawo bolt 5, ɗaya ta at (earth), ta ukun mai kai saƙo ga ƙwaƙwalwar mota. Idan sansa lafiyayya ce, saƙon yana farawa daga wajen rabin bolt, ya hau sannu a hankali zuwa kusan 4.5 in an buɗe totur gaba ɗaya. Tawa tana kaiwa tsakiya sai ta yanke, don wurin da aka fi takawa ya cinye. Ƙwaƙwalwar na samun labarin ƙarya, sai ta rikita mai da giya. "Alhaji, giyarka lafiya lau take," in ji shi.

Na samo 'yar Beljiyam a Panteka. Akwai sababbi masu araha cikin kwali, amma Malam ya ce a bar su, tsohuwa ta asali ta fi riƙo, da sharaɗin a auna ta kafin a biya. Haka muka yi.

Ɗaurawar ba wani aiki ba ne, sukurori biyu ne da soket. Ya wanke bakin totur da ƙurar hunturu ta daskare a ciki, ya goge lambar, muka hau titin Nnamdi Azikiwe don gwaji. Fizga ta tafi, giya na shiga lami lafiya, shan mai ma ya ɗan lafa.

Ƙorafina ɗaya: kuɗin jona na'ura ya kusa kamo kuɗin sansar, kuma babu wurin zama sai benci a rana. Mai sabuwar mota kuma ya sani, a yawancin masu totur na lantarki sansar a haɗe take da gidan totur, sai dai a canza su tare, kuɗin ya fi nawa nesa ba kusa ba.