Rufe Iyaka ko Buɗe Ta da Rajista?

A majalisun Daura ana yawan gardama kan 'yan cin rani da ke shigowa daga Nijar ta iyakar Kwangwalam. Masu son a rufe iyaka suna kukan makamai da ɓarayin daji, da leburanci da ya yi arha har matasanmu suka rasa na yi. Kukansu gaskiya ne.

Sai dai mun gwada rufewar. A watan Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta garƙame iyakoki, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai 2022. Shinkafa ta yi tsada, kasuwa ta yi sanyi, direbobi suka zauna. Masu fasa-ƙwauri kuwa suka koma hanyoyin daji da babura, inda babu mai duba su.

Buɗewa da rajista ta fi mini. Mai ga-ruwa da mai gadi da mai shayi su shigo ta ƙofa, a rubuta sunansu, mai unguwa ya san masaukinsu. Dabbobin Maraɗi su zo, hatsinmu ya tafi. Wahalarta ita ce tana buƙatar jami'ai masu amana. Kuma waɗannan baƙin, da yawansu surukanmu ne da 'yan'uwanmu na jini.