Man darbejiya na feshi: ya ci darɓa, farin ƙuda kam sai a hankali

Jama'a bari in ba ku labarin man darbejiyan nan na kwalba da na saya a shagon maganin gona, tunda ana ta tambaya ta ko yana aiki. Gaskiya ya danganta da wane ƙwaro ne ya kama maka shuka.

Ni bana abu biyu suka dame ni, darɓa a wake, farin ƙuda a tumatir. Mai shagon cewa ya yi ai duk ɗaya ne malam, fesa kawai. Wallahi ba ɗaya ba ne. Eh dukkansu ruwan ganye suke tsotsa kuma suna barin danƙon nan mai kamar zuma da yake komawa baƙi kamar an shafa kunkunniya, amma darɓa zaune take wuri guda, baƙaƙe cunkus a kan tohon wake ga tururuwa na hawa da sauka suna lasar zaƙin. Farin ƙuda kuwa ka ɗan taɓa ganye sai ka ga sun tashi fuu kamar an watsa gari, ƙwansu da 'ya'yansu na manne a ƙarƙashin ganye inda feshi ba ya kaiwa.

Na haɗa man da ɗan sabulun ruwa, don in ba sabulu yawo kawai yake a saman ruwa, na fesa da yamma saboda rana na kashe ƙarfinsa. Feshi biyu darɓa ta ragu sosai har waken ya sake toho. Kuma kar a raina ta fa, ita ta yaɗa cutar da ta cinye gyaɗar Arewa a 1975.

Tumatir ne ya ba ni wahala. Manyan ƙudajen in ka fesa su gudu, washegari su dawo abinsu, sai da na ƙara da katin nan rawaya mai gam na rataya a tsakanin shuka, kuma duk sati ina ɗaga ganye ina fesa ƙasansa. Waɗanda ganyensu ya riga ya nannaɗe ya yi rawaya babu man da zai dawo da su, cuta ce ƙudan ya sa musu, tugewa na yi na ƙona.

Wari kam akwai shi, kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, sai da uwargida ta ce in fitar da kwalbar daga ɗaki. Saboda wake zan sake saya, amma mai tumatir kar ya baro shagon ba tare da katin ba.