Rotterdam ko Amsterdam: Ina Ya Kamata Baƙo Ya Sauke Kayansa a Holan?

Ɗan'uwa, ka ce taron aiki zai kai ka ƙasar Holan, kana da rarar kwana uku bayan an tashi, kuma kana so ka san ko zuwa Rotterdam zai biya kuɗin sabulu, ko kuwa gara ka yi zamanka a Amsterdam kamar yadda yawancin baƙi suke yi. Ni dai Rotterdam zan ce ka sauka, amma bari in jera maka biranen biyu ka duba da kanka.

Amsterdam ita ce Holan ɗin da ake gani a hotuna, mai tsofaffin gidaje sirara da suka jeru a bakin hanyoyin ruwa tun ƙarni na 17. Wanda burinsa ya ga wannan, kaɗan ne abin da Rotterdam za ta ba shi a madadinsa, domin a ranar 14 ga Mayu 1940 jiragen yaƙin Jamus sun yi wa tsakiyar birnin ruwan bama-bamai, gobara ta cinye mafi yawan abin da ya saura, mutane kusan 80,000 suka rasa matsuguni. Da aka zo sake gini, mutanen garin ba su kwaikwayi na da ba, sai suka buɗe tituna masu faɗi suka ɗaga dogayen benaye. Shi ya sa wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa yana sa ran ganin tsohon gari yakan ji gwiwarsa ta yi sanyi a sa'ar farko.

Amma idan ya yi haƙuri ya taka zuwa unguwar Blaak, nan zai fara gane garin. Akwai gidajen nan masu ruwan ɗorawa na shekarun 1980, waɗanda aka gina kamar akwatuna aka kafa kowanne a kan kusurwarsa, kuma mutane suna zaune a cikinsu har yau. An ware guda ɗaya don masu kallo, kana shiga za ka ga bango ya karkato maka, har ka rasa inda mai gidan yake jingina kabad. Daura da su ga kasuwar Markthal da aka buɗe a 2014, wadda aka yi kamar katafariyar ƙofar gari, rufinta cike da zanen 'ya'yan itatuwa, gidajen kwana kuma a jikin bangonta. Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa gadar Erasmus ta 1996. Ita kuwa tashar jiragen ruwan, wadda ta fi kowace girma a Turai, tsawonta ya kai kimanin kilomita 40 har bakin teku, saboda haka ba a ganin ta da ƙafa. Akwai jirgin yawon Spido mai zagaye na minti 75, wanda yake bi da kai ta gefen tulin kwantenoni da ƙugiyoyin da suke ɗaga su. Ɗan kasuwa zai fi kowa jin daɗin wannan zagaye.

Ta fuskar aljihu da sakewa, Rotterdam ce a gaba. Masauki yakan fi sauƙi, kuma babu turereniyar 'yan yawon buɗe ido irin ta tsakiyar Amsterdam. Abincin halal da wurin salla ba su da wuya a biranen biyu, sai dai a Rotterdam abin a bainar jama'a yake: ga masallacin Essalam a kudancin kogi, ga shagunan Turkawa da 'yan Maroko a titin West-Kruiskade kusa da tasha. Birni ne da Ahmed Aboutaleb, Musulmi haifaffen Maroko, ya yi wa magajin gari daga 2009 zuwa 2024. Inda Amsterdam ta yi mata fintinkau shi ne gidajen adana zane-zane da kayan tarihi.

Babban dalilina dai shi ne garuruwan da suke kewaye da Rotterdam, waɗanda za ka je ka dawo kafin magariba. Delft tafiyar kimanin minti 15 ce a jirgin ƙasa, kuma tana da hanyoyin ruwa da tsofaffin gidajen da ake zuwa Amsterdam dominsu, ba tare da hayaniyar ba. Can ne gidan tangaran mai shuɗi da fari, can ne kuma aka harbe William na Orange, jagoran yaƙin 'yancin ƙasar, a 1584, har yanzu gurbin harsashin yana jikin bangon gidan Prinsenhof. Kinderdijk kuwa karkara ce, inda injinan iska 19 suke tsaye a bakin ruwa, yawancinsu tun wajen 1740. Mutane da yawa suna zaton na niƙa ne, alhali an gina su ne don kwashe ruwa daga ƙasar da ta fi kogi gangare, don kada gonaki su nutse. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1997. A lokacin bazararsu ana zuwa ta jirgin ruwan haya daga kusa da gadar Erasmus, wajen rabin sa'a. Idan rana ta fito ka zaɓi Kinderdijk, idan hadari ya haɗu ka nufi Delft, domin a Kinderdijk fili ne fetal, ga iska, ga ƙarancin wurin fakewa.

Sai Hague, mazaunin gwamnati, wadda ba ta kai tafiyar rabin sa'a ba. A Fadar Zaman Lafiya da aka buɗe a 1913 Kotun Duniya take zama, kotun da ta ba Kamaru yankin Bakassi a 2002, ta kuma tabbatar wa Nijar tsibirin Lete a shari'arta da Benin a 2005. Ba kasafai ake barin baƙi su shiga ainihin ginin ba, amma akwai ɗakin baje bayanai a bakin ƙofa. Delft tana kan hanyar Hague, don haka ana iya haɗa su a yini guda. Garin Gouda kuwa ba zan matsa maka ba, sai fa idan zuwanka ya dace da safiyar Alhamis tsakanin Afrilu da Agusta, lokacin kasuwar cuku.

Da ni ne, yini ɗaya zan ba Rotterdam, ɗaya Delft da Hague, na uku kuma in raba shi: Kinderdijk da safe, ko kuwa in hau jirgi mai sauri in leƙa Amsterdam, tunda minti 40 ne kacal. Ana biyan kuɗin jirgi da katin banki ta hanyar taɓa shi a na'ura, amma ka tuna ka sake taɓawa lokacin fita, in ba haka ba za a cire maka fiye da kuɗin tafiyar. Jar hanyar da take gefen titi kuma ta masu keke ce, kada ka tsaya a kanta ɗaukar hoto.