Fijo 504 ta Baba da Hilux ɗin da na saya: abin da damina ɗaya ta nuna min

Fijo 504 ɗin da na gada wajen Baba haɗin Kaduna ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a can tun 1975 har zuwa 2006. Bara na sayi Hilux ta hannu, mai jan taya huɗu, saboda hanyar gonarmu. Yanzu na yi damina guda ina hawan su biyun.

A laka dai ba a haɗa su. Akwai wani kwari kafin a isa gonar, inda duk watan Agusta Fijo ke kafewa, tayoyin baya na ta juyawa a banza, sai na nemo samarin ƙauye su tura, na sallame su da na goro. Hilux kuwa ina sa ta a L4, wato giyar ƙarfi mai jan taya huɗu, take tsallakewa a hankali, da buhunan taki goma a bayanta.

Abin da ban yi zato ba shi ne gargada. Idan babu kaya, bayan Hilux tsalle yake yi kamar jaki ya ga kura, don an yi ƙafafun bayanta ne saboda ɗaukar nauyi. Hajiyarmu ta hau sau ɗaya, da muka sauka ta ce: "Kai dai gobe ka ɗauko min ta mahaifinka." Tana da gaskiya. Kujerar Fijo kamar katifa take, ramukan hanyar burji kuma shanye su take yi. Sai dai zafi, ga ƙaurin fetur a ciki, ga birki da sai ka fara taka shi tun daga nesa.

Wajen gyara ne raina ya fi kwanciya da tsohuwar. Ranar da na sha gurɓataccen mai a hannun 'yan bumburutu, wata fitila ta kama a gaban Hilux, bakanikenmu ya ce sai an jona mata kwamfuta a cikin gari. Fijo ta taɓa shan irin wannan mai. A gindin bishiya bakaniken ya kwance kafireta, ya wanke, ya busa da baki, ya goge filogi, muka kama hanya. Kayanta ma har yanzu ina samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko da yake masu kyau sun fara wuya.

Wani dillali ya taya Fijon har sau biyu, na ce ya bari tukuna.