Giyar hannu a gosulon Legas: tsakanin Mazda 3, Corolla, Jazz da Golf 4

Duk wanda ya shiga filin motoci na Berger ya ce mai giyar hannu yake nema, sai dillali ya sake dubansa. Mutanen Legas otomatik suka sani, kuma ba a ga laifinsu ba. Wanda zai taso daga Agege ko Mile 12 da asuba, ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ya dawo da magariba ana tafiya taku-taku, ba ya son abin da zai ƙara wa ƙafarsa ta hagu aiki. To amma wannan ƙyamar ita ce ribar mai saye. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, mai giyar hannu ta fi arha, kuma ta fi daɗewa a hannun dillali, don haka ya fi saurin sassautowa a ciniki. Kuɗin gyaran giyarta bai kama ƙafar na otomatik ba. In batir ya mutu a tura ta ta tashi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, ɗan ragin shan mai da take yi ya zama abin lissafi. Ranar sayarwa, in Legas ta ƙi ta, Kano da Kaduna ba sa ƙi.

A garin nan ba yawan doki, wato ƙarfin injin, ke nuna motar kirki ba. Abin dubawa shi ne taushin kuloci, da ko injin zai ja motar a giya ta ɗaya ba tare da an taɓa totur ba, da ko za ka shiga Ladipo, kasuwar kayan mota, da safe ka fito da kayan gyara kafin azahar. A kan wannan muka auna motocin nan, dukkansu masu ƙofa biyar ko wagon, na shekarun 2000.

Wadda ta fi daɗin tuƙi, ba tare da wata jayayya ba, ita ce Mazda 3 ta farko, ta 2003 zuwa 2009. Ƙashin jikinta ɗaya da na Ford Focus ta biyu da Volvo S40, kuma kowace tayar baya da hannuwanta take tafiya, ba a kan ƙarfe guda suke ba. Shi ya sa in ka karya kwana a saukar gada take kwanciya a titi, sitiyarin kuma yana gaya wa hannunka abin da tayar gaba ke takawa. Sandar giyarta gajeriyar tafiya gare ta, kowace giya na faɗawa gurbinta. Ta Turai tana zuwa da injin 1.6 mai doki 105 ko 2.0 mai doki 150, ta Amurka mai ƙofa biyar kuma yawanci 2.3 ce. Dukkansu da sarƙa suke aiki, ba bel ba, saboda haka babu fargabar tsinkewar taimin bel. Don zirga-zirgar Ikeja zuwa Obalende 1.6 ta wadatar. Mai 2.0 ita ce ke sa mutum murmushi a hanyar Ibadan, sai dai ya ji a aljihu. Ita 2.3 a gosulo kusan asarar mai ce kawai.

Aibinta uku ne, kuma duk ana ganinsu kafin a biya kuɗi. Na farko tsatsa a bakin tayoyin baya da ƙasan ƙofofi, musamman wadda ta yi rayuwa a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara. Iskar teku ta Legas ba ta warkar da tsatsa, ƙara ta take yi, don haka ka sa hannu ta cikin bakin tayar ka shafa, in ka ji kumburi ko fenti na ɓarewa ka rage kuɗi sosai ko ka wuce. Na biyu kujerar injin ta ɓangaren fasinja, wadda ruwa ne a cikinta: in ta fashe za ka ga baƙin ruwa ya bushe a ƙarƙashinta, sitiyari na karkarwa in mota na tsaye. Na uku bushin ɗin ƙafar baya. Hannuwan da ke ba ta daɗin kwana su ne ramukan Oshodi ke ci, kuma sun fi na Corolla yawa, don haka gyaran ƙafarta ya fi tsada. A mai 2.0 da 2.3 famfon sitiyari na lantarki ne, ka murza sitiyarin ƙarshe zuwa ƙarshe injin na aiki, ka saurara ko zai yi kuka ko ya yi nauyi farat ɗaya. Kayanta akwai a Ladipo, sai dai ba kowane shago ba, kuma ba kowane bakanike ne ya saba da ita ba.

Wanda kwanciyar hankali ta fi masa komai, Toyota Corolla mai ƙofa biyar ta 2002 zuwa 2007 ce tasa. Injin 1.6 mai lamba 3ZZ-FE, doki 110, shi ma sarƙa. Akwai 1.4 mai doki 97, amma da esi a kunne da mutum huɗu a ciki sai ka riƙa sauko da giya a kowace hawa. Kulocinta mai taushi ne, kuma tana rarrafawa a giya ta ɗaya ba ta shaƙewa, abin da gosulon Ikorodu Road ke bukata ke nan. Ba ta da zaƙin Mazda a kwana, sitiyarinta shiru ne, amma nauyinta kaɗan ne, kuma injin na son a ja shi. Bakanike a Idi-Araba ya san ta, na Mokwa ma ya san ta in ta tsaya maka a hanyar zuwa gida Sallah.

Ciwonta sananne ne: injinan ZZ na kafin wajen 2005 suna shan baƙin mai. Ramukan da mai ke komawa ta cikinsu a jikin fistin ƙanana ne, datti ya toshe su, ringi ya manne, sai mai ya riƙa ƙonewa tare da fetur. Gosulo da zafi na ƙara tsananta abin. Ka ja sandar gwada mai kafin a tada injin, ka cire fulogi ɗaya ka duba ko ya yi baƙi da maiƙo, sannan a bar ta tana aiki minti goma a taka totur da ƙarfi kana tsaye a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi ya fito, to aikin ringi na jiranka. In da hali ka nemi ta 2005 zuwa sama. 'Yan uwanta na Amurka, Toyota Matrix da Pontiac Vibe, sun fi ta fili da tsayi daga ƙasa, injin 1.8, amma masu giyar hannu a cikinsu ba su da yawa a Legas, kuma giyarsu mai biyar an san ta da cin boris. In ka ji gurnani da ke ƙaruwa da gudu, kar ka yarda da dillalin da zai ce maka taya ce.

Honda Jazz, wadda wasu ke kira Fit, ita ce mafi ƙarancin shan mai a cikinsu, kuma giyarta ta fi kowacce santsi. Tankinta na ƙarƙashin kujerun gaba, shi ya sa kujerun baya ke kwanciya daidai da but, har a ɗauki kayan da ba a zaci za su shiga ba. Injin i-DSI mai doki 83 fulogi takwas gare shi, biyu a kowace silinda. Huɗu na gaba, huɗu na ɓoye a baya, kuma sau da yawa sai a canza na gaba a bar na baya har su kashe kwayil, mota ta fara fizga. Ka tsaya a kan bakanike ya canza takwas ɗin. Giyarta ma tana da nata: in tana furi kana jin ƙara, ka taka kuloci ƙarar ta ɗauke, boris ɗin cikin giya ne, sai an sauke ta. Ka ɗaga kafet ɗin but ka duba ramin safaya, ruwan sama kan bi ta tsagewar haɗin rufi ya taru a nan. Tayarta ƙarama ce, 175/65 R14, rami na dukanta har cikin ƙashi. Motar cikin gari ce, ba ta hanyar Jebba da lodi ba.

Golf 4 kuwa, ta 1997 zuwa wajen 2004, ba sai an gabatar wa Bahaushe da ita ba, danginta ne ke jigila tsakanin garuruwan Arewa. In wagon kake so, mai ɗaukar iyali da buhuna, ita ce mafi sauƙin samu da sauƙin sayarwa. Ka nemi 1.6 mai bawul takwas, doki 100 da ɗoriya, ko 2.0 mai doki 115. Mai bawul goma sha shida bel biyu gare ta, gyara ya ƙaru. Mai 1.8 turbo tana da gudu, amma fulawil ɗinta mai hawa biyu ne, in ya lalace kuɗin aikin kuloci ya ninka. Duk wadda ka saya a cikin waɗannan, taimin bel da tenshina da famfon ruwa su ne aikin farko, kar ka jira, domin in bel ya tsinke bawul sun lanƙwashe. Famfon ruwan na asali fukafukansa roba ne, sukan saki, injin ya yi zafi alhali ba ya yoyo. Kaskon baƙin manta yana ƙasa sosai, kuma a da yawansu alminiyam ne: ya daki dutse ko tudun rage gudu sai ya tsage, mai ya tsiyaye. A sa masa farantin ƙarfe. Gilashin ƙofa da ke faɗawa ciki kuwa kusan al'adarta ce. Kulocinta ya fi na motocin Japan nauyi, kuma wannan a gosulo ba ƙaramin abu ba ne.

Peugeot 206 da 307 suna da daɗin tuƙi da arha, amma 307 za ta haɗa ka abota da mai gyaran waya, 206 kuma ka tsaya a bayanta ka duba: in kan tayoyin baya ya karkata ciki, boris ɗin gatarin baya ya tafi.

Hukuncinmu: mai mota ɗaya da ba ya son zaman gareji ya ɗauki Corolla 1.6. Wanda ya zaɓi giyar hannu don yana son tuƙi, kuma zai iya ware wani abu don ƙafar mota duk shekara, Mazda 3 marar tsatsa ta fi cancantar kuɗinsa.

Kowacce ka tsayar, ga gwajin kuloci. Ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali da ɗan totur. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. In injin ya ci gaba da aiki, faranti ya cinye. A kan titi, sa giya ta huɗu kana gudun 40 zuwa 50, ka taka totur har ƙasa: allurar injin ta haura gudu bai ƙaru ba, yana zamewa. In sai feda ta kusa ƙarewa sama yake kamawa, kwanansa ya kusa ƙarewa. Sauko daga uku zuwa biyu da sauri, ƙarar haƙora na nufin zoben da ke daidaita giya ya gaji. In za a yi aikin, a canza faranti da murfinsa da rilis boris gaba ɗaya, domin kuɗin sauke giya ɗaya ne, kuma a duba ko baƙin mai na ɗiga daga sil ɗin bayan injin, shi ke jiƙa sabon faranti ya lalata shi.

A kula da motar da aka juya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma Jazz da Corolla da yawa daga Ingila suke, sitiyarinsu a dama. Alamarta: wayifa ta fi share ɓangaren fasinja, abin buɗe bonet na can dama, akwai walda ko yanka a bangon da ke bayan injin. A mai giyar hannu abin ya fi muni, don har fedar kuloci da mastanta an ƙaura da su. A guje ta ko da an karya kuɗi. Wadda ta sha ambaliya kuma, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba tabon ruwa, ka leƙa tsatsa a layin kujeru. A tabbatar lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta yi daidai da ta takardar kwastan da ta jikin mota. Inshorar dole naira 15,000 ce tun Janairun 2023, ga takardar lafiyar mota, wadda VIO a Legas ba sa wasa da ita.

A makon farko a zubar da man giya. Corolla na cin wajen lita 1.9 na 75W-90, Honda kuma nata man giyar hannu take so. Kar a yarda a zuba mai kauri lamba 140, na manyan motoci ne, yana sa giya tauri da safe ya kuma gajiyar da zobba. A Golf da Mazda kuloci da birki tukunyar mai ɗaya suke sha, DOT 4, don haka in mai na raguwa a duba mastan kuloci na sama da na ƙasa, ba birki kaɗai ba. In an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba yi wa 'yar Beljiyam da zarar ta sauka, a mayar da su. Injin da ba ya kai zafinsa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya injin na gaske, ba na rijiya ba. Baƙin mai kuma duk kilomita 5,000 ko wata shida, domin awannin da injin ke aiki a tsaye ba sa hawa mita.

Sauran aikin na ƙafarka ne. In layi ya tsaya, mayar da giya furi ka ɗauke ƙafa, riƙe feda a ƙasa na cin rilis boris. A hawan gadar Ojuelegba ko ta Eko kar ka tsayar da mota da rabin kuloci, wannan warin ƙauri da ake ji farantinka ne ke ƙonewa, ja birkin hannu. Bar tazarar mota ɗaya a gabanka, ka saki kuloci gaba ɗaya a giya ta ɗaya ta yi ta rarrafe da kanta. Danfo zai kutsa cikin tazarar, wannan babu makawa, ka bar shi ya shiga. Lokacin ruwan Yuni da Yuli, in ruwan ya haura rabin taya ka nemi wata hanya. In bai kai ba, giya ta ɗaya, totur daidai, kar ka canza giya a tsakiya, kuma in injin ya mutu a ciki kar ka sake murza makulli sai an cire fulogi an tabbatar ruwa bai shiga silinda ba.